Kwanciyar Inna a Gefen Dama

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ina ƙarama "waccan" ce ni. Da aka kai ni gidan miji Goronyo sai na samu ƙarin girma, na zama "ta Goronyo". In na je gida Wurno na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, sai ta amsa wa bango, ko buta, ko duk abin da ya fi kusa da idonta. Ban taɓa jin haushi ba. Kaka ce ta raine ni, kuma na san kunya ce, ba ƙi ba. Haka uwar Inna ta yi wa Kawu, yayan Inna, har ta koma ga Allah.

Hawan jini ne ya kayar da ita wata ranar Juma'a tana alwala. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ƙafafu suka daina ɗaukarta, magana ta yi nauyi amma ana ganewa. Da aka sallame mu daga asibiti a Sakkwato, sai tambayar da kowa ke gudu ta tsaya mana a gaba: wa zai yi jinya? Ƙanena shi ke zaune da ita a gidan, amma namiji ne, matarsa kuwa cikinta ya tsufa, da ƙyar take ɗaga tulu. Autarmu tana aure can kudu. Ni ina koyarwa a makaranta, ga yara, ga miji. Ko da ba haka ba ma, kowa ya san Inna ba za ta bari hannuna ya taɓa jikinta ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni lambar wani ofishi a cikin Sakkwato, masu tura ma'aikatan jinya gida. Na kira. Matar da ta ɗauka tana da murya mai sanyi, irin ta masu sayar da turare. Ta ce ma'aikatansu duk an horar da su, kuma suna da babbar nas da ke zagayawa tana duba aikinsu. Na tambayi ko wadda za a turo tana da tsabta, tana da haƙuri, tana salla. Iyakar abin da na san in tambaya ke nan.

Suka turo mana wata mata 'yar Tursa, can ƙasar Rabah, bazawara, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta zo da farar riga, da abin awon jini a cikin jaka. Cikin mako guda gidan ya cika da yabonta. Ɗakin Inna kullum a share, zanen gado a wanke, turaren wuta na tashi. Gidanmu gidan malamai ne, 'yan dubiya ba sa yankewa, kuma duk wadda ta shiga sai ta fito tana cewa ai Hajiya kamar ba marar lafiya ba. Kullum da hantsi mai jinyar takan turo mini hoto a waya: Inna kwance a gefen dama, farin mayafi a kanta, carbi a hannu, fuskarta na kallon gabas. In na gani sai in yi hamdala in shiga aji. Ni kaina na yi ta nuna wa malaman makarantarmu hoton, ina fankama wai mun dace da mai jinya.

Duk Asabar nakan hau mota in je. In durƙusa daga bakin ƙofa, in gaishe ta, ta amsa wa bango, in ajiye abin da na kawo, in koma tsakar gida wurin matar ƙanena. Haka muka yi wajen wata biyu.

Asabar ɗin da nake son ba da labari bazara ta kai bazara. Motar da na shiga daga Goronyo ta ɗauko buhunan albasa a baya, muka yi ta gumi muna shaƙa. Ina shiga gida na ji turaren ya fi na kullum yawa, har yana fitowa ta ƙarƙashin labule kamar ana gashi a ciki. Na durƙusa na yi gaisuwa. Inna ba ta amsa ba, ko wa bangon. Na sake. Sai ta yi wani nishi can ƙasa.

A nan ne na ji shi. Ƙarƙashin turaren akwai wani wari. Duk wanda ya zauna a Goronyo ya san shi, don haka albasa ke yi idan ta ruɓe ta wajen da ta taɓa ƙasa, alhali samanta na ƙyalli. Na ga ƙudaje uku ko huɗu suna sauka a wuri ɗaya a kan zanen, daidai kwankwasonta, ana kora suna dawowa.

Na yafito mai jinyar, muka koma bayan ɗaki wajen randa.

"Mi ka wari ɗakin ga?"

"Ba komi, Malama. Zahi na."

"Zahi ba shi kiran ƙuda wuri guda. Yaushe rabonki da ki juya ta?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Ni mutum ce mai saurin fushi, ɗalibaina sun sani, mijina ya fi su sani. Na ji kunnuwana suna zafi. Na sake tambaya, wannan karon da muryar aji.

"Ba ta yarda," in ji ta. "Tun ran da niz zo. Ta ce in mutuwa ta taho, ta ishe ta bisa dama tana diban gabas. In na taɓa ta sai ta riƙe ƙarhen gado ta yi ta kuka. Ko sauya mata ƙunzugu da ƙyar nike ɗaga ta kaɗan in maida."

"To da kike ɗagawa, mi kika gani?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce da fari wurin ja ya yi, ta shafa man kaɗanya. Ya yi ɗan ƙurji, ta barbaɗa hoda. Ya buɗe, ta sa auduga. Ta ce ta kira ofis ta gaya musu tsohuwa ba ta yarda a juya ta, suka ce ta bi abin da mutanen gida ke so, kar a kawo musu ƙorafi. Babbar nas ɗin da ake cewa tana zagayawa kuwa, ita ma labarinta kawai take ji.

"Ni fa? Ba kullum kike turo mani hoto ba?"

"Hajiya ta haɗa ni da Allah kar in hwaɗa maki. Ke musamman."

Na so in mare ta, wallahi na so. Hannuna har ya motsa. Abin da ya hana ni shi ne na ga tsoron da ke fuskarta ba na yau ba ne, ta daɗe tana kwana da shi ita kaɗai.

Na koma ƙofar ɗakin na tsaya. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce dokin ƙofar nan Inna tana kwance ba. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na cire takalmi na shiga har bakin gado.

Zafin jikinta ya bugi hannuna tun kafin in taɓa ta. Ta buɗe ido ta gan ni a kanta, ta yi sauri ta mayar da su bango.

"A ce ma ta Goronyo ta hita."

"Inna, ku gahwarce ni. Ba ni hita."

Ban taɓa yi mata musu ba, ban ma taɓa samun dama ba, tunda ba ta taɓa ce mini yi ko bari kai tsaye ba. Na ce wa mai jinya ta riƙe kafaɗa, ni na kama kwankwaso. Inna ta damƙe ƙarfen gadon da hannunta mai lafiya. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga cokali sosai, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana salati, ni ma ina yi. Muka mirgina ta.

Zanen ya manne da jikinta, sai a hankali ya saki. Gyambon ya kai faɗin tafin hannuna. Bakinsa baƙi, tsakiyarsa ya zurma, ruwa na fita. Kafaɗarta ma ta fara, haka idon sawu, har kunnenta na dama ya yi ja ya saɓule. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan ɓarin ba shi ne ya shanye ba. Tana jin komai. Wata biyu tana kwance a kan wannan abu, tana amsa wa 'yan dubiya da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ba ta yi kukan ciwo ba. Kukan da take yi na bayanta ne da ya koma gabas. "Kun juya mani baya ga alƙibla," take ta faɗa wa bango. "In ta taho yanzu fa? In ta taho yanzu fa?"

Na fita na kira ƙanena daga zaure. Da na gaya masa sai ya dafe kai ya zauna a kan turmi.

"Ta hwaɗa mani Inna ba ta son juyi," in ji shi. "Nic ce a bar ta yadda take so. Yaya, mi kike so in yi? In buɗe jikin uwata in diba?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Kowa a gidan yana da dalilinsa mai kyau. Shi namiji ne. Ni 'yar fari ce. Mai jinya baƙuwa ce, ba ta isa ta yi wa Hajiya dole ba. 'Yan dubiya fuska suke gani. A asibiti kuwa, ranar sallama, an faɗa mana a riƙa juya ta, da kunnena na ji, muka ɗauka ai wadda aka horar ta san wannan.

Na kira ofishin. Mai sanyin muryar ta ce abin bai yi musu daɗi ba, amma ai mu ne muka ce a bi ra'ayin marar lafiya. Na tambaye ta horon me suka ba matar nan. Ta ce awon jini, ba da magani, tsabtar ɗaki. Na ce babbar nas fa, sau nawa ta zo Wurno? Ta ce hanya ce da nisa. Na gaya mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Matsalar da ke gabanmu ta fi ofis girma. Zazzaɓin na hawa, dole a koma asibiti, Inna kuma ta ce ba inda za ta, a mayar da ita yadda take. Tana ta ƙoƙarin mirginawa da kanta, mai jinya na tare ta da filo. Mutum ɗaya ne a duniya take jin maganarsa. Ƙanena ya hau babur ya ɗauko Kawu daga makarantarsa.

Kawu ya shigo yana dogara sanda, ya zauna a kan buzu daga nesa, ya saurare ni har na gama. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya dubi ƙanwarsa.

"Ke, wa yak karantar da ke haka? Ni dai ba ni ba na. Littahi cewa yay yi maras lahiya shi yi salla bisa dama. In bai iyawa, bisa hagun. In bai iyawa, shi yi rigingine, ƙahwahunai na diban gabas. Allah bai matsa maki ba, ke kim matsa ma kanki. Jikin ga amana na."

"Bayana ya koma gabas, Malam."

"To a maida kanki inda ƙahwahunki suke. Gabas gudu za ta yi?"

Abin ya ba ni kunya don sauƙinsa. Muka kama katifar mu huɗu, har da matar ƙanena da cikinta, muka sauke ta ƙasa muka juya ta, kai ya koma arewa. Sai ga Inna kwance a gefen hagu, gyambo a sama, fuskarta na kallon bangon da ta saba kallo. Kukan ya tsaya. Na ɗauka an gama.

"In ta taho ina bisa hagun fa?" ta tambayi Kawu.

Kawu ya buɗe baki zai kawo wani karatun, na riga shi.

"Inna, ni za ni maida ku bisa dama. Na ɗauki alkawari gaban Kawu. Duk inda nike cikin gidan ga, ni za ni maida ku."

Ba ta dube ni ba. Ta ce wa bango, "An ji." Da la'asar muka ɗauke ta zuwa asibiti.

Mun daɗe a can. Aka yanke mataccen naman, aka yi ta allurai, zazzaɓin ya yi ta tafiya yana dawowa kafin ya haƙura. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da gubar ta bi jini. Ya ce duk bayan awa biyu a juya ta, dare da rana, kuma kullum a duba fatarta ko'ina da ido, ba da tambaya ba. Ban gaya masa tarihin gidanmu ba.

Ƙanena ya so a kori mai jinyar. Na hana. Na yi fushi da ita, har yanzu in na tuna hodar nan raina na ɓaci. Amma Inna ta saba da hannunta, kuma na ga abin da aka yi mata: an sa mata farar riga an ajiye ta a gidan mutane ita kaɗai, babu mai zuwa ya ga aikinta, babu wanda zai tsaya mata in ta ce a'a. Muka rabu da ofishin, ita ta zauna da mu. Wata nas daga asibitin garinmu ta riƙa zuwa wankin gyambo, tana koya mana mu biyu. Na nemi hutu a makaranta, mijina ya yarda, na tare a Wurno.

Gadon ƙarfen muka fitar da shi. Katifa a ƙasa, da tabarma a ƙarƙashi don ta yi saurin juyawa. Hagu, rigingine, hagu, sai ɗan jingine kaɗan wajen dama da filo a tokare don kar gyambon ya taɓa. Kowane juyi sai an ja katifar an daidaita fuskarta da gabas. Ni ke wanke ta, ni ke shafa mata mai. Duk lokacin da na ɗaga zanenta takan rufe ido gam har in gama, in kuma tana son ruwa sai ta ce wa mai jinya, "A ce ma ta Goronyo ƙishi nike ji," alhali kofin na hannuna. Wani lokaci nakan ce, "To, za a hwaɗa mata," in ga gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

Mata sun yi ta zuwa tambayata lambar masu jinya, don labari ya bazu cewa mun taɓa ɗauka. Nakan ce su tambayi wa zai riƙa zuwa duba aikin, su kuma gan shi da idonsu. Nakan ce su ɗaga zane su duba da kansu, ko da za a yi fushi da su. Wasu sukan kama baki su ce ai da kunya.

Damina ta sauka, fadama ta cika da shinkafa. Gyambon ya yi ta tsukewa har ya dawo kamar bakin kofin shayi, naman ya yi ja mai kyau. Nas ta ce in muka ci gaba haka zai rufe. Na fara lissafin komawa aji. Duk tsawon watannin nan ban bar wurin ya taɓa katifa ba ko sau ɗaya, kuma ina alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba.

Hawan jinin ya sake bugunta wata safiya bayan ta sha kunu. Ƙanena ya fita neman mota, matarsa ta aika a kira Kawu. Lokacin juyin hagu ne, tana kwance yadda muka ajiye ta, numfashinta na fita da wani irin ƙara da ban taɓa ji ba. Ina durƙushe ina goge mata baki, ina cewa mota na zuwa.

Sai ta buɗe ido. Na jira ta kai su bango. Ba ta kai ba. Ta tsayar da su a kaina, tsaf, har na ga kalar ƙwayar idonta, abin da ban taɓa sani ba ina da 'ya'ya huɗu.

"Ke," ta ce. "Maida ni."

Na dubi mai jinya, ta dube ni. Mu biyun mun san abin da ke gefen dama, mun san wahalar da muka sha a kansa. Zuciyata ta ce a jira mota, ƙila ba yanzu ba ne. Hannun Inna ya kama wuyan hannuna, da ƙarfin nan da ta riƙe ƙarfen gado.

Muka ja katifar, kai ya koma kudu. Na cire filon. Na sa hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗaya a kwankwaso, na kwantar da uwata a kan gyambonta a hankali. Ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta sake. Na gyara mata mayafi, na sa carbin a hannunta na hagu, na matsa gefe don kar in tare mata gabas.

Ba ta saki wuyan hannuna ba har rai ya yi halinsa. Da Kawu ya shigo yana salati, shi ya ɓamɓare yatsun, ɗaya bayan ɗaya.